Haƙƙin mallaka a duniyar gem: me ya sa kamfani ke rufe aikin masoyansa?

Mai bibiyar labaran gem a waya ya sha cin karo da irin wannan labari: wasu matasa sun kwashe shekaru suna haɗa sabon gem na Mario ko Pokémon, sun sake shi kyauta, kafin a ce kwabo kamfanin Nintendo ya sa an cire shi daga intanet "saboda haƙƙin mallaka". Daga nan sai intanet ta ɗauki zafi, masoya su yi ta Allah wadai da kamfanin da suka tashi suna buga wasanninsa.

Haƙƙin mallaka iko ne da doka ke bai wa wanda ya ƙirƙiri abu, littafi ne ko waƙa ko fim ko gem, ta yadda babu mai kwafarsa ko raba shi ko sayar da shi sai da izininsa. A Najeriya dokar da ke aiki yanzu ita ce ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Wannan kowa ya gane shi, tunda mun ga yadda masu tura finafinai a waya suka durƙusar da kasuwar faifan Kannywood. Amma akwai wani reshe na wannan iko da ba a cika sani ba, kuma shi ne tushen rigimar: gina sabon abu a kan tsohon ma haƙƙin mai shi ne. Idan ka zana Mario da hannunka, ka rubuta manhajar da kanka, ka tsara sabon labari, duk da haka Mario na Nintendo ne. Tamkar wanda ya dasa mangwaro a gonar aro ne: wahalar ban ruwa tasa ce, amma ranar da mai gona ya ce a sare, ba shi da ta cewa.

Kada a ɗauka wannan magana ce ta Turai da Japan kaɗai. Leƙa shagon gem a Ringim ko Dambatta ranar kasuwa. Ga yara sun cika benci, ga tsohuwar PS2 a ƙasan talabijin, janareta na ruri a bayan shago, ana buga PES, wasan ƙwallon ƙafa na kamfanin Konami. Ka duba allon da kyau, za ka ga Osimhen da Lookman a cikin fili. Alhali Konami bai ƙara fitar da wasan a PS2 ba tun daga PES 2014, lokacin da babu wanda ya san sunayen nan. Wasu masoya ne a wasu ƙasashe suka zauna suka sauya sunaye da fuskoki da riguna, abin ya bi filasha da memori har ya iso ƙauyukanmu. Yaro zai ce wa mai shago, "Yaya, sa mana mai sababbin 'yan wasa," bai san cewa abin da yake nema aikin masoya ne da kamfani bai ba da izininsa ba. Ba don irin waɗannan mutane ba, da injinan nan sun daɗe da zama tarkace.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Milton Guasti, ɗan ƙasar Ajantina. Kusan shekara goma ya yi yana sake gina wani tsohon wasan Nintendo mai suna Metroid II, ya kira nasa AM2R, ya sake shi kyauta a watan Agusta na 2016. 'Yan kwanaki kaɗan takardun Nintendo suka isa shafukan da ke ɗauke da shi. A cikin watan ne kuma masu Pokémon Uranium, aikin shekara tara, suka janye nasu bayan an sauke shi sau fiye da miliyan ɗaya da rabi. Ba a jima ba shafin Game Jolt, inda mutane ke ɗora wasannin da suka haɗa, ya ɓoye wasanni 562 a kan ƙorafin kamfanin. An ma sanya AM2R da Uranium a jerin masu takarar kyautar The Game Awards ta shekarar, sai aka wayi gari an cire sunayensu.

Makamin da ake amfani da shi wata dokar Amurka ce ta 1998 da ake kira DMCA. Kamfani ba ya bukatar zuwa kotu. Takarda kawai zai aika wa shafin da ke ɗauke da abin, shafin kuma ya yi maza ya cire don kada a haɗa da shi a ƙara. Wanda aka cire wa abu yana da damar ƙalubalanta, sai dai yin hakan kamar ya ce wa kamfanin "mu haɗu gaban alƙali" ne. Wane ɗalibi ne zai ja da lauyoyin Nintendo? Shi ya sa yawanci maganar ke mutuwa tun a takardar farko.

Hujjar da masoya suka fi riƙewa ita ce, "ai ba sayarwa muke ba". A doka wannan ba garkuwa ba ce. Rashin karɓar kuɗi bai mayar da kayan wani naka ba. Su ma masu kare kamfani suna da tasu maganar da ba ta cika ba, wai dole ne ya hana, in ba haka ba haƙƙin ya kuɓuce masa. Wannan ya fi kusa da batun tambarin kasuwanci. Haƙƙin mallaka ba ya faɗuwa don mai shi ya kau da kai. Abin da ya fi kama hankali shi ne kasuwa: a 2017 Nintendo ya fitar da nasa sabon Metroid II ɗin, mai suna Samus Returns, kuma babu ɗan kasuwar da ke son a riƙa raba irin hajarsa kyauta a bakin shagonsa.

To amma tunda zaɓi ne, ana iya zaɓar wata hanya, kuma an yi. Counter-Strike kwaskwarima ce da mutum biyu suka yi wa wasan Half-Life a 1999; kamfanin Valve, mai Half-Life ɗin, ya saye ta, ya ɗauke su aiki. Sega ya jawo Christian Whitehead, wanda ya fara da wasannin Sonic na masoya, ya jagoranci Sonic Mania a 2017, kodayake Sega ɗin ma ya taɓa rufe wani aikin masoya mai suna Streets of Rage Remake a 2011. Ni dai ina ganin rashin adalci ne a auna ɓarawon da ke buga faifai yana sayarwa da yaron da ya koyi haɗa manhaja saboda son wasanka da mudu ɗaya. Doka ta ba kamfani iko, ban musa ba. Amma daga cikin irin waɗannan yara ake samun ma'aikatan gobe. Guasti kansa daga baya kamfanin Moon Studios ya ɗauke shi, ya yi aiki a Ori and the Will of the Wisps.

Masoya kuwa sun koyi dabarun zama da lamarin. Da zarar an cire wasa daga intanet, sai waɗanda suka riga suka samu su watsa shi a wasu wuraren, shi ya sa har yau AM2R bai ɓace ba. A 2020, da Nintendo ya hana gasar The Big House ta wasansa Super Smash Bros. Melee saboda amfani da Slippi, manhajar masoya da ke ba da damar buga shi ta intanet, 'yan wasa sun cika Twitter da taken #FreeMelee. Masoyan da suka yi wani wasa mai suna No Mario's Sky kuwa, da Nintendo ya yi ƙorafi, sun cire Mario suka sake wa wasan suna DMCA's Sky. Shawarar da ta fi yawo a tsakaninsu yanzu ita ce mutum ya ja bakinsa ya yi shiru har sai ya kammala, ko kuma tun farko ya ƙirƙiri nasa jarumin da nasa sunan, yadda in aikin ya yi kyau zai iya kai shi kasuwa ya ci guminsa.