Tallafin fassarar adabi a Kebbi da Zamfara

Tallafin fassara shi ne kuɗi ko ɗawainiyar da wata hukuma, gidauniya ko mai hali ke bayarwa domin a mayar da littafi ko waƙa daga wani harshe zuwa wani. A Kebbi da Zamfara aikin fassara ya daɗe sosai kafin a san neman tallafinsa a rubuce. Malamai sun yi ta yinsa a zauruka da fadoji tun ƙarni na 19, amma cike takardar nema da tsara kasafin kuɗi sabon abu ne, kuma yawancin masu bayar da kuɗin suna wajen yankin.

Asali

Masarautar Gwandu, wadda ke cikin Jihar Kebbi a yau, ita ce mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda aka haifa wajen 1766 ya rasu wajen 1829. Ya bar rubuce-rubuce masu yawa da Larabci, ciki har da tafsirinsa Liya'ut Ta'awil da Tazyinul Waraƙat, inda ya tattara waƙoƙinsa tare da labarin jihadi. Masu jihadin suna aiki da harsuna uku: Larabci don malamai, Fulfulde don jama'arsu, Hausa don sauran talakawa. Wannan ne ya sa fassara ta zama dole. Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fulfulde zuwa Hausa, ana jin wajen 1831, ƙanenta Isa kuma ya fassara nata waƙoƙin da dama. Jajojin 'yan taru, wato mata malamai da Asma'u ta horar, su ne suka riƙa kai waɗannan waƙoƙi ƙauyuka, suna rera wa mata. Masana sun saɓa kan wasu waƙoƙin Hausa da ake jingina wa Shehu, ko shi ya tsara su ko fassara ce.

A wancan zamani ba a biyan mai fassara lada a kan shafi. Malami yana ci daga sadaka da kyautar sarki da gonarsa, almajirai kuma su ne masu kwafa. Takarda ce mai tsada, domin daga ƙetaren Sahara fatake ke kawo ta. Har yau a gidajen malamai ana samun littattafan wannan zamani ba ɗinki, warƙa a kan warƙa cikin gafaka, an rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan kowane shafi don kada jerin ya rikice. Sau da yawa akan ga ƙananan rubutu na ajami tsakanin layukan Larabci, inda wani ɗalibi ya sa ma'anar kalma da Hausa yadda malaminsa ya fassara masa da baki.

Zamanin Turawa da bayansa

Gwamnatin mulkin mallaka ce ta fara ware kuɗin baitulmali don fassara, da kafa Hukumar Fassara wajen 1929 ko 1930, wadda ta zauna a Zariya ta koma Hukumar Talifi a hannun Rupert East. Bayanta aka yi Kamfanin Gaskiya a 1945, Hukumar Adabi ta Jihar Arewa (NORLA) a 1954, sai Kamfanin Buga Littattafai na Arewacin Najeriya (NNPC) a 1966. Duk a Zariya suke, don haka rubuce-rubucen Gwandu da Zamfara sai sun yi tafiya kafin su ga injin ɗab'i. Mervyn Hiskett ya fassara Tazyinul Waraƙat zuwa Ingilishi, Jami'ar Ibadan ta buga a 1963. Jean Boyd da Beverly Mack sun fitar da tarin ayyukan Nana Asma'u a Amurka a 1997.

Fassarar da ta fi kowace yaɗuwa daga hannun ɗan yankin ita ce tarjamar ma'anonin Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, haifaffen Gummi ta Jihar Zamfara, wanda ya rasu a 1992. Ta fara fitowa wajen 1979, daga baya maɗaba'ar Sarki Fahad da ke Madina ta riƙa buga ta ana rabawa kyauta. Sheikh Gumi ya sami lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987.

Hanyoyin tallafi a yau

A cikin gida babbar ƙofa ita ce TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, wadda dokar 2011 ta kafa. Tana da kason bincike da na mayar da rubutun malamai littafi, amma sai ma'aikacin babbar makarantar gwamnati ke iya nema, ta hannun makarantarsa, kamar jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau, waɗanda aka kafa a 2013, ko Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu. Malamin zaure, wanda sau da yawa shi ya fi iya karanta tsohon rubutun, ba shi da shiga sai ta hanyar haɗa gwiwa da ɗan jami'a.

A waje akwai asusun PEN/Heim na Amurka, wanda aka kafa a 2003, da PEN Translates na Ingila, duka na rassan ƙungiyar marubuta ta PEN. Dukansu fassara zuwa Ingilishi suke tallafawa, na biyun kuma kamfanin ɗab'i ne ke nema. Shirin ceto tsofaffin takardu na Laburaren Birtaniya yana biyan kuɗin ɗaukar hoton rubuce-rubuce, ban da fassara su. Aikin da yankin ya fi buƙata, wato daga Larabci ko Fulfulde zuwa Hausa, shi ya fi ƙarancin masu ɗaukar nauyi, kuma galibi sarakuna da attajirai da gwamnatocin jihohi ake dogara da su.

Abin da ake nema daga mai buƙata

Yawancin masu tallafi suna son samfurin fassara tare da asalin matanin, bayanin darajar aikin, tarihin mai fassara, kasafin kuɗi, da shaidar izinin mai haƙƙin mallaka. Wasu sukan ƙara da yarjejeniyar kamfanin da zai buga. Izinin ne ya fi wuya a nan. Rubutun ƙarni na 19 ba shi da mai haƙƙi a doka, amma kwafin yana hannun magada, kuma ba kowane gida ke yarda a buɗe gafaka ba.

Waƙar baka

Waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo Maradun, Sa'idu Faru, Kassu Zurmi da Aliyu Ɗandawo suna kan faifai da kaset. Kafin a fassara su sai an rubuta su tukuna, a tantance baitin jagora da amshin 'yan ma'abba, a kuma yanke shawarar ko a bar karin harshen yamma yadda yake, "shina tahiya" a maimakon "yana tafiya". Zambo da habaici suna buƙatar dattijon da ya san wanda ake nufi, kuma kuɗin zuwa wurinsa yana cikin abin da ya kamata mai nema ya sa a kasafinsa.

Sauran harsuna

Adabin C'lela na ƙasar Zuru, da na Kambari da Dukawa da Zabarmawa, kaɗan ne daga cikinsa aka rubuta, balle a fassara.