Fim mai kyau ko fim mai kawo kuɗi? Tambayoyin matasan Kebbi

Me ya sa furodusa ke gudun labari mai nauyi?

Saboda kuɗinsa ya zuba, wani lokaci ma bashi ya ci. Tun da fim ɗin Hausa na Turmin Danya ya fito a kaset a Kano a 1990, akalar sana'ar tana hannun 'yan kasuwa. A zamanin kaset, dillalin kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano fuskar jarumin da ke kan kwali yake fara dubawa, sannan ya tambayi waƙa nawa ce a ciki. Labari kuwa sai daga baya.

To yanzu da kaset da CD suka kau fa?

YouTube da talla yake biya, talla kuma yawan masu kallo take bi. Shi ya sa labarin da kashi goma zai ishe shi ake ta jan sa, mako bayan mako, har ya salance. Ga kuma masu tura fim a waya. Ka tsaya a shagon caji a Birnin Kebbi da yamma, za ka ga yaro ya miƙa memori, an cika masa shi taf a kan 'yan canji, wanda ya sha ranar lokeshan bai ga ko sisi ba.

Mu a nan, me muka rasa?

Wannan ce ta fi ci mini rai. Muna da tarihin Kanta, ga gidan tarihinsa a Argungu. Muna da masunta da gorarsu da homarsu a kogin Matan Fada, ga hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu. Amma fim ɗin tarihi yana son dawaki da sutura da jama'a, ba a gama shi a kwana biyar, sai a koma falo, ga kishiyoyi biyu ga kujeru masu sheƙi. Harshenmu ma haka. Da wuya ka ji Kabanci ko Zamfarci a bakin babban jarumi, sai a bakin wanda aka sa ya ba da dariya, wai kasuwa Kananci ta sani. Ni ban yarda ba. Waƙoƙin Narambaɗa da Ɗan Anace ai har gobe ana sauraronsu a Kano.

Ana iya samun duka biyun?

Ana iyawa. Marubuci ne ya fi kowa araha a harkar, shi kuma ake fara tauye wa haƙƙi. A biya shi da kyau, a ba shi wata uku ya zauna da tsofaffin masunta kafin a ɗauko kyamara.