Cikar Teku: Yadda Wata ke Rage wa Duniya Gudu

Cikar teku ita ce hauhawar ruwan teku da saukarsa a kan lokaci sananne, sakamakon jan da Wata da Rana ke yi wa Duniya. A gaɓar Legas, wadda dattawanmu ke kira Ikko, ruwa yakan cika sau biyu ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, kuma bambancin cika da janyewa bai cika wuce mita ɗaya ba. Ƙarami ne idan aka kwatanta da mashigin Fundi na Kanada, inda yakan kai mita 16. Duk da haka, wannan kai-kawon ruwa shi ne birkin da ke rage gudun juyawar Duniya, shi ne kuma ke tura Wata nesa da mu.

Musabbabinta

Wata na nesa da Duniya da kimanin kilomita 384,400. Jansa ya fi ƙarfi a ɓangaren da ke fuskantarsa, ya fi rauni a ɓangaren da ya ba shi baya. Wannan bambanci ne ke sa ruwa ya yi tozo biyu, ɗaya ta wajen Wata, ɗaya ta bayansa. Duniya na juyawa tana ratsa su, shi ya sa ake samun cika kowace awa 12 da minti 25. Ƙarin minti 50 ɗin nan kuwa sananne ne ga duk mai lura da sama: bayan daren sha huɗu, kullum Wata sai ya ƙara jinkirin fitowa, domin yana gusawa gabas da kusan digiri 13 a kowane kwana.

Rana ta fi Wata nauyi sau miliyan 27, amma tasirinta a kan teku bai kai rabin nasa ba, kimanin kashi 46 cikin 100 ne, saboda ta fi shi nisa kusan sau 390.

Lissafinta a Legas

Mai bin kalandar Hijira ya riga ya riƙe rabin ilimin nan a hannu. A tsayuwar wata da kuma daren 14 zuwa 15, Rana da Wata da Duniya na kan layi ɗaya, sai jan biyu ya haɗu, ruwa ya cika sosai ya kuma janye sosai. Wajen 7 zuwa 8 ga wata, da 22 zuwa 23, jan ɗaya na rage na ɗaya, sai motsin ya ragu. Babbar cikar takan yi jinkirin kwana ɗaya ko biyu bayan waɗannan darare.

Ruwan ba ya hawa da gudu iri ɗaya. Matuƙan jirgi na raba hawan gida 12 cikin awa shida: gida 1 a awar farko, 2 a ta biyu, 3 a ta uku, 3 a ta huɗu, sannan 2, sannan 1. Wato rabin hawan duka na faruwa ne a awa biyun tsakiya, kuma a nan ne ruwa ya fi gudu a mashigin da ya haɗa tafkin Legas da teku, ta wajen Apapa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka ruwa na cika ne daidai lokacin da Wata ke tsakiyar sama. Siffar gaɓa da zurfin ruwa na jinkirta shi, cikin tafkin ma ya fi jinkiri ya kuma fi ƙanƙanta, don haka jadawalin cika na tashar jirgi shi ne abin dogaro.

Mazauna unguwannin da ke kwari kusa da ruwa, irin su Obalende da sassan Lekki, sun san abin a aikace ko da ba su san sunansa ba. Idan ruwan sama mai ƙarfi na Yuni ko Yuli ya faɗo daidai da babbar cika, bakin magudanai na nutse a cikin tafki, ruwan kwata ya rasa mafita, sai ya kwanta a titi har tekun ya janye. Shara da ta toshe magudana takan ƙara wa abin muni.

Birkin

Duniya na gama juyi cikin kwana ɗaya, Wata kuwa sai ya yi sama da kwana 27 kafin ya zagaya ta. Saboda haka Duniya na jan tozon ruwan ya ɗan wuce gaban Wata. Tozon na jan Wata gaba, yana ƙara masa ƙarfin zagaye, sai falakinsa ya faɗaɗa. Shi kuma Wata na jan tozon baya, ruwa na gugar ƙasan teku, sai juyin Duniya ya ragu. Abin da Duniya ta rasa, Wata ne ke ɗauka.

An auna wannan kai tsaye. A Yulin 1969 'yan sama jannatin Apollo 11 sun ajiye faifan madubai a kan Wata, aka ƙara wasu a 1971, motocin Tarayyar Sobiyet biyu ma suka kai nasu. Ana harba hasken leza daga ƙasa, ya je ya dawo cikin daƙiƙa biyu da rabi. Awon shekaru sama da 50 ya nuna Wata na ja da baya da santimita 3.8 a shekara, kusan gudun tsirowar farce.

Tsawon dare da yini kuwa na ƙaruwa da kimanin kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa a kowane ƙarni. Ba abin da mutum zai ji a jikinsa ba ne, amma yana taruwa kamar lattin agogon da ba a saitawa. Masu duban taurari na Babila sun rubuta a allon yumɓu cewa Rana ta yi cikakken husufi a garinsu ranar 15 ga Afrilu, shekara ta 136 kafin haihuwar Annabi Isa. Da gudun Duniya bai canza ba, da inuwar ta faɗa can yammacin Bahar Rum ne, bambancin sama da awa uku. Husufin da Ibn Yunus ya auna a Alƙahira a ƙarni na 10 na cikin shaidun da ake amfani da su har yau, kuma ya cancanci yabo, domin tsantsenin awonsa ne ya sa lissafin ya yi amfani bayan shekara 1,000.

Kalandar da ke cikin dutse

Shaida mafi ban mamaki daga halittu ta fito. Murjanin teku na ƙara siririn layi a jikinsa kowace rana, layukan kuma na yin kauri da sirancewa bisa yanayin shekara. A 1963 masanin Amurka John Wells ya ƙirga layukan burbushin murjani mai shekara kimanin miliyan 380, ya sami kusan 400 a shekara guda. Tsawon shekarar bai canza ba, awa 8,766 ne. A raba da 400, za a sami awa 22 ba kaɗan. Wani ƙwanson halittar ruwa daga Oman, mai shekara miliyan 70, ya nuna kwana 372 a shekara, wato kwanan awa 23 da rabi. Duwatsun Sin masu shekara biliyan 1.4 sun nuna kwanan da bai kai awa 19 ba.

Akwai tarko a nan. Wanda ya ɗauki santimita 3.8 ya yi ta lissafi baya, yana la'akari da cewa birkin na ƙara ƙarfi sosai idan Wata ya fi kusa, zai ga Wata ya manne da Duniya shekara biliyan ɗaya da rabi da suka wuce, alhali Wata ya kai shekara biliyan 4.5. Amsar ita ce gudun ja da bayan Wata a yau ya fi na da. Ƙarfin birkin ya dogara da siffar tekuna, kuma faɗin Atilantika a yanzu ya dace da bugun cikar, kamar ruwan daro da ake karkaɗawa daidai da lilonsa. Wannan teku da ake kallo daga Legas ɗanye ne a ma'aunin shekarun Duniya: shekara miliyan 150 da suka wuce babu shi a nan, ƙasar Najeriya na haɗe da arewa maso gabashin Burazil.

A sauran duniyoyi ma haka jan ke aiki. Shi ya daidaita juyin Wata da zagayensa har muke ganin fuska ɗaya tak. Fobos, watan duniyar Mas, na zagayawa cikin awa 7 da minti 39, ya fi duniyarsa gudu, don haka shi matsowa yake yi, kusan mita biyu a ƙarni, har ya farfashe. Namu kuwa, da yake ja da baya yake yi, faifansa na ƙanƙancewa a ido. Nan da shekara kimanin miliyan 600 ba zai iya rufe Rana ɗungurungum ba, irin rufewar 29 ga Maris 2006, lokacin da duhu ya sauka da safe a Saki ta jihar Oyo, mutanen Legas kuma suka ga Rana ta koma kamar lauje.