Buɗe layin kebul ga masu sayar da intanet a Amurka

Buɗe layin kebul wata taƙaddama ce da aka sha a Amurka daga wajen 1998 zuwa 2005, kan ko kamfanin da ya ja wayar talabijin ta kebul har cikin gidajen mutane dole ne ya bar wasu kamfanonin intanet su biya haya su bi ta kan wayar, ko kuwa kayansa ne ya yi yadda ya ga dama.

Tushen rigimar shi ne zamanin da ake shiga intanet ta layin tarho, kamfanin tarho ba shi da ikon hana ka kiran lambar da ka so, shi ya sa ƙananan masu sayar da intanet suka yi yawa kamar me, in wannan ya ɓata maka rai sai ka canza lamba kawai. Kebul kuwa ba haka ba. In kamfanin kebul na unguwarku TCI ne to intanet ɗin @Home za ka saya, in Time Warner ne na Road Runner, wanda kuma ya nace sai AOL, babban mai sayar da intanet da ba shi da kebul a lokacin, to ya biya kuɗi biyu.

Da AT&T mai layin tarho ya zo sayen TCI a 1998, birnin Portland na jihar Oregon ya ce ba zai yarda a mayar masa da lasisin kebul na TCI ba sai an buɗe layi ga kowa. Aka tafi kotu, Portland ya yi nasara a 1999, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2000. A ƙarshen shekarar ne hukumar kula da kasuwanci FTC ta amince da haɗewar AOL da Time Warner bisa sharaɗin su bai wa aƙalla kamfanoni 3 da ba nasu ba hanya, EarthLink na ciki. Abin dariya, AOL ɗin nan shi ne kan gaba wajen ihun a buɗe layi kafin ya samu nasa.

Masu kebul hujjarsu ita ce da kuɗinsu suka gyara wayar, in aka tilasta musu rabawa wa zai ƙara zuba jari? A 2002 hukumar sadarwa FCC ta karkata gare su, ta ce intanet ta kebul hidimar bayanai ce ba hidimar sadarwa ba, kuma a dokar sadarwa ta 1996 wannan ɗan bambancin suna shi ne komai, don hidimar sadarwa ce kaɗai ke da wajibcin ɗaukar kowa. Wani ƙaramin kamfani Brand X ya kai ƙara, a watan Yunin 2005 Kotun Ƙoli ta goyi bayan FCC, alƙalai 6 da 3. Alƙali Antonin Scalia da bai yarda ba ya kawo misalin mai fiza, wai mai kebul ya ce ba ya sayar da sadarwa daidai yake da mai fiza ya ce maka shi ba ya kai saƙo gida alhali ga yaronsa a ƙofarka da fizar a hannu.

A watan Agustan 2005 FCC ta cire wa DSL, wato intanet mai sauri ta layin kamfanonin tarho, irin wannan wajibcin, daga nan hayaniyar ta koma kan hana masu waya fifita wani shafi a kan wani. Kanada dai wata hanyar ta bi, hukumarta CRTC ta wajabta wa manyan masu kebul sayar da layi a sari, shi ya sa irin su kamfanin TekSavvy ke sayar da intanet a kan wayar kamfanin kebul na Rogers.