Kaurin fatar hanci: me ake nufi da shi?

A Katsina, in ana yabon kyan yarinya, ba a rasa jin "hanci har baka". Masu kwalliyar amare ma sun san haka, shi ya sa suke shafa hoda mai duhu a gefe biyu na karan hanci don ya fito siriri a hoto. Amma a wajen likitocin gyaran hanci, ɗaya daga cikin abubuwan da suke dubawa tun farko shi ne kaurin fatar da ta lulluɓe shi.

Saman hanci, wajen tsakanin idanu, ƙashi ne. Daga nan zuwa ƙasa guringuntsi ne. Fata ce ta rufe su duka, kuma kaurinta ba ɗaya ba ne ko a hancin mutum guda. A tsakiyar karan hanci ta fi zama sirara, a tsininsa kuwa ta fi kauri, domin can ne ƙwayoyin da ke fitar da maiƙo suka fi yawa. Shi ya sa kan hanci ke riga sauran fuska ƙyalli da zafin bazara.

Ka rufe tulu da gyale, za ka ga siffarsa sarai. Ka rufe shi da bargo, sai ya zama dunƙule. Mai siririyar fata, duk wani tudu ko karkata na guringuntsinsa a fili yake. Mai fata mai kauri kuwa, ko da guringuntsinsa na da tsini, kan hancin zai fito a dunƙule. Irin wannan fatar ta fi yawa a mutanen Afirka da Asiya da Gabas ta Tsakiya, kuma gado ce, ba ciwo ba.

Bayan tiyata, kumburin fata mai kauri kan daɗe, wani lokaci ya wuce shekara kafin ainihin siffar ta bayyana. Ita siririyar tana saurin sacewa, sai dai ba ta ɓoye kuskuren likita ko kaɗan.

Jan hancin jariri da ungozoma ke yi lokacin wanka ba ya sauya ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ya fi damuna shi ne mayukan bilicin masu sinadarin siteroid. Suna sirantar da fata, gaskiya ne, amma ta hanyar lalata ta: jijiyoyi su fito, ƙuraje su feso, hancin kuma yana nan yadda yake.