Sayen kayan gyaran mota daga waje: abin da rangwamen dala 300 na kwastam ya ɗauke da abin da ya bari

Tun daga ranar 8 ga Satumba 2025, ƙunshin kayan da aka aiko wa mutum daga ƙasar waje, in dai darajarsa ba ta wuce dala 300 ba, kwastam ɗin Najeriya ba ta karɓar haraji a kansa. Majalisar gudanarwar hukumar ce ta amince da haka a zaman da ta yi ranar 2 ga Satumba, wanda Wale Edun ya jagoranta a matsayinsa na ministan kuɗi, bisa ikon da dokar kwastam ta 2023 ta ba ta. Rangwamen ya shafi kayan da aka saya ta intanet, da waɗanda kamfanonin aike suke kawowa, da kuma kayan da fasinja ya riƙo a jakarsa.

Ga mai mota da bakanike wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Motocin da ke yawo a titunanmu yanzu cike suke da sensa da wayoyi, kuma akwai abin da za ka zaga Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ka rasa, ko ka samu na Beljiyam wanda ba ka da tabbacin zai kai wata guda. Shi ya sa mutane suka koma eBay da AliExpress suna neman sensar iska, nozul, fanfon mai, takalmin birki, har da ƙwaƙwalwar mota. Yawancin irin waɗannan ba sa kai dala 300. A da ko ɗan ƙaramin abu ne ana iya tsayar da shi a ce sai ka biya. Yanzu ƙa'ida ta ce a sake shi nan take, ba tare da an nemi wasu takardu daga baya ba.

Sai dai akwai sharaɗin da mutane da yawa ba su ji ba: sau huɗu kacal a shekara mutum zai ci wannan rangwame. Aike na biyar ya koma layin masu biya, ko da filogi ne na dala 20. Wannan sharaɗi shi ya kamata ya sauya yadda kake sayayya. In ka sayi sensa yau, mako mai zuwa ka tuna da fanbel, bayan kwana goma ka ƙara da matatar mai, kuma kowanne ya zo a ƙunshinsa, ka cinye uku cikin huɗu a kan kayan da gaba ɗayansu ba su kai dala 100 ba. Gara ka zauna da bakanikenka ya duba motar tsaf, ku rubuta duk abin da take buƙata, ka nema wurin mai sayarwa guda, ka kuma gaya masa tun farko ya haɗa su a ƙunshi ɗaya. A manyan shafukan saye, kwandon sayayyarka ɗaya ne amma masu shagunan daban-daban ne, kowa kuma nasa zai aiko daban. Dabara ce kuma ka riƙa lissafa kuɗin kaya har da kuɗin aiko su tsaya ƙasa da 300, domin kada ka tsaya a bakin iyaka ana ja-in-ja da kai.

Daga nan kuma za a gane cewa ba don 'yan kasuwa aka yi wannan ba. Mai shagon kayan gyara da ke cika kwantena daga Dubai ko Guangzhou yana nan a tsarinsa na da: Fom M ta banki, takardar kimantawa ta PAAR, da shaidar inganci ta SONCAP ga kayan da hukumar kula da ingancin kaya ta SON take sa ido a kansu. A ganina iyakar sau huɗun ta yi wa ƙaramin bakanike tsauri, domin shi motoci da yawa yake gyarawa, amma dalilinta a fili yake. Ba don ita ba, da sai masu kwantena su riƙa farfasa kayansu ƙanana-ƙanana suna shigowa da su kyauta.

Sharaɗi na biyu shi ne kada kayan su kasance cikin waɗanda aka hana ko aka taƙaita shigowa da su. A nan masu mota su yi hattara, domin jerin haramtattun kaya ya daɗe yana ɗauke da kwamfiresa da aka yi amfani da ita, da kuma tsofaffin tayoyi, ban da wasu manyan na tirela da ake sabuntawa. Arhar kaya ba ta halatta shi. Kafin ka sayi wani abu na hannu, buɗe jerin a shafin kwastam ka duba.

To, idan kaya suka haura dala 300 fa? Nan lissafi yake komawa yadda aka saba, kuma nan ne mutane suke shan mamaki, don suna zaton a kan farashin da suka gani a waya kawai za a caje su. Kwastam tana haɗa kuɗin kaya da kuɗin dako da inshora, jimillar da ake kira CIF, a kanta ake ɗora haraji. Yawan harajin kuma ya danganta da lambar da kayan suke da ita a jadawalin bai-ɗaya na ECOWAS, mai matakai biyar: sifili, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Kayan gyaran mota ba rukuni guda ba ne a wurin kwastam. Birki da giyabos da lagireto suna ƙarƙashin lamba 8708, injin yana 8407 ko 8408, batir 8507, sabuwar taya 4011, filogi 8511, fitilu 8512. Saboda haka abin da mai sayarwa ya rubuta a jikin ƙunshi yana da tasiri. In ya rubuta "kayan mota" kawai, ya bar wa jami'i ya zaɓa maka lamba.

Mu ɗauki misali don a ga yadda kuɗin yake hawa. Ka sayi kaya na dala 400, dako da inshora 100, CIF ya zama 500. A ƙaddara harajinsu kashi 10 ne, dala 50 ke nan. Akwai rabin kashi ɗaya na asusun ECOWAS, dala biyu da rabi. Sai harajin VAT na kashi 7.5, wanda ba a kan 400 ake cire shi ba, a kan jimillar CIF da harajin da aka riga aka ɗora ne, wato sama da dala 41. Tun kafin a zo ga sauran ƙananan caji ka haura dala 90. Mai kayan dala 290 bai biya ko sisi ba.

Bayan haka sai a juya dalolin zuwa naira da farashin canjin da kwastam take aiki da shi, wanda yake bin na Babban Bankin Najeriya. Kafin a saki naira ta bi farashin kasuwa a watan Yunin 2023, kwastam tana lissafa dala a kan kusan naira 422. A cikin 2024 ta haura 1,500. Ko da ba a ƙara kashi ɗaya a kan harajin ba, abin da mai kaya yake biya a naira ya ninka fiye da sau uku. Yawancin kukan da ake yi cewa an ƙara kuɗin kwastam, asalinsa daga nan ne.

Akwai kuma cajin kashi 4 a kan farashin kaya kafin a ɗora dako, wanda ake kira FOB. Sashe na 18 na dokar 2023 ne ya tanade shi don ɗaukar nauyin ayyukan hukumar. An fara karɓarsa a Fabrairun 2025, aka dakatar cikin 'yan kwanaki saboda ƙorafin masu masana'antu da 'yan kasuwa, ya dawo a Agusta, sannan ministan kuɗi ya sake ba da umarnin dakatar da shi a tsakiyar Satumba. A misalinmu na sama dala 16 ne. Cajin da aka yi ta kai-kawo a kansa haka, bai kamata ka karɓe shi da baki ba. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin kwastam, ejan ne ko kamfanin aike, ka ce ya nuna maka takardar lissafi mai ɗauke da kowane caji da sunansa, sannan ka karɓi rasit.

Kuɗin kamfanin aike daban yake da na gwamnati. Rangwamen dala 300 ya ɗauke harajin kwastam ne, bai hana kamfanin da ya ɗauko kayan cajin ladan aikinsa ko kuɗin ajiya ba in ka bar ƙunshin ya daɗe. Ka kuma duba tun wurin biya ko mai sayarwa ya riga ya haɗa haraji a farashi, don kada a karɓa sau biyu.

Wasu masu sayarwa suna tayin rage farashi a takardar ciniki, kayan dala 450 su rubuta 250. Kada ka yarda. Kwastam ta faɗa a sanarwarta cewa wanda aka kama da murɗa takardar ciniki zai iya rasa kayansa, a kama shi, a kuma hukunta shi bisa dokar 2023. Jami'i yana iya buɗe shafin da ka yi sayayya ya ga ainihin farashin cikin minti ɗaya. Ga wata asarar da ba a cika tunawa da ita ba: in ƙunshin ya ɓata ko ya fashe a hanya, diyyar da za a ba ka ba za ta wuce abin da aka rubuta ba. Ka adana hoton shafin da ka saya da shaidar biyan kuɗi daga banki, su ne hujjarka in aka ɗaga darajar kayanka sama da abin da ka biya.

Wannan rangwame ya zo ne a lokacin da wasu ƙasashe suke janye nasu. Tarayyar Turai ta soke yafiyar VAT a kan kayan da ba su kai yuro 22 ba tun 1 ga Yulin 2021, Amurka kuma ta rufe tata yafiyar harajin kwastam ta dala 800 ga dukan ƙasashe ranar 29 ga Agustan 2025. In kana da ɗan'uwa a can da kake sa wa a aika kayan Sin gidansa kafin ya turo maka, yanzu za a caje shi haraji a can, kai kuma a sake duba kayan a nan. Ga abin da bai kai dala 300 ba, a turo shi Najeriya kai tsaye ya fi arha.