Lokacin Zuwan Almasihu

Lokacin Zuwan Almasihu makonni ne na shiri da Kiristoci ke yi kafin bikin Kirsimeti. A cocin Yamma, wato Katolika da Angalika da Lutheran da wasu, da shi ake buɗe shekarar ibada. Yana farawa ne a Lahadi ta huɗu kafin 25 ga Disamba, saboda haka farkonsa ba ya wuce tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Karatu da addu'o'in lokacin sun ta'allaƙa ne a kan tuba, gafarar zunubi, da kasancewar Allah tare da mutane.

Tarihi

Tushen da aka fi kawowa ya fito ne daga yammacin Turai. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a Saragossa ta ƙasar Sifen a shekarar 380 ta umarci masu bi da su riƙa zuwa coci kullum daga 17 ga Disamba zuwa 6 ga Janairu, sai dai masana sun yi saɓani kan ko wannan shiri ne na Kirsimeti. A wajajen ƙarshen ƙarni na 5, Bishop Perpetuus na Tours a Faransa ya kafa azumin kwana uku a mako, daga 11 ga Nuwamba, ranar tunawa da Waliyyi Martin, har zuwa Kirsimeti. Majalisar Macon ta 581 ta ƙarfafa wannan, ta keɓe Litinin da Laraba da Juma'a. A waɗannan yankuna lokacin ya ɗauki kamannin babban azumin da ake yi kafin Ista.

Roma ta bi wata hanya. A can an fi mai da hankali ga addu'o'i da karatun ranar Lahadi fiye da azumi, kuma makonnin sun fi huɗu da farko. Yawanci ana danganta rage su da zamanin Paparoma Gregory na Ɗaya (590 zuwa 604), ko da yake an daɗe kafin ƙidayar ta zama ɗaya ko'ina. Har yau cocin Milan na riƙe da makonni shida. Daga baya al'adun biyu suka gauraya. Wannan ne ya sa ake sa tufafin ibada masu launin shunayya irin na tuba, ba a rera waƙar ɗaukaka ta Gloria a ranakun Lahadi, amma ba a daina rera Halleluya ba.

Tuba da gafara

Yahaya Mai Baftisma ne ya fi fitowa a Lahadi ta biyu da ta uku. Linjilar Matiyu ta nuna shi a jejin Yahudiya yana kiran mutane su tuba domin Mulkin Sama ya kusato, Luka kuma ya ce baftismarsa ta tuba ce domin gafarar zunubai. Tubar da ya nema ba ta baki ba ce kawai: mai riga biyu ya ba marar ita ɗaya, masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da abin da aka yanka, sojoji su daina ƙwace, su gamsu da albashinsu. A cocin Katolika mutane da yawa kan je furta zunubi gaban fada, wato limamin coci, a waɗannan makonni.

Ana taƙaddama kan ko lokacin na tuba ne a hukumance. Dokokin cocin Katolika na 1983 ba su sa shi cikin lokutan tuba ba, tsarin kalandar 1969 kuma ya kira shi lokacin jira cikin ibada da murna.

Kasancewar Allah

A makon ƙarshe ana komawa ga annabcin Ishaya 7:14 game da ɗan da za a kira Immanuwel, wanda Matiyu 1:23 ya bayyana da cewa Allah na tare da mu. Bernard na Clairvaux, wani malamin coci na Faransa wanda ya rasu a 1153, ya koyar da cewa zuwan Almasihu uku ne: na farko a jiki a Baitalami, na ƙarshe a ranar shari'a, na tsakiya kuma a ɓoye cikin zuciyar mai bi a yanzu. Wannan na tsakiya shi ne ya haɗa tuba da kasancewar Allah, domin a wannan fahimta mai tuba yana share hanya ne ga baƙon da ya riga ya iso bakin ƙofa. Daga 17 zuwa 23 ga Disamba ana rera gajerun addu'o'i bakwai a sujadar yamma, kowace da suna ɗaya na Almasihu, ta ƙarshe da sunan Immanuwel.

Cocin Gabas da al'adu

Cocin Otodoks na yin azumin kwana 40 daga 15 ga Nuwamba, Kibɗawan Masar da cocin Habasha kuma kwana 43. Kambin ganye mai kyandirori, wanda ake kunna ɗaya kowace Lahadi, ana danganta shi da Johann Hinrich Wichern na Hamburg a Jamus, a shekarar 1839.